Baƙon Ƙashi a Gwiwar Hannu: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tiyatar Cire Shi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin majinyata da 'yan'uwansu a nan Sakkwato, mutanen da gwiwar hannunsu ta ƙage bayan karaya, ko gocewa, ko ƙuna, aka ɗauki hoto aka ce musu wani ƙashi ya tsiro a inda bai kamata ba. Na fara da waɗanda ake yi a ranar farko, sannan na gangara zuwa waɗanda ba sa tasowa sai an sa ranar aiki. Hukunci a kan hannun kowane mutum yana wurin likitan ƙashin da ya taɓa hannun ya kuma ga hotonsa.

Mene ne wannan ƙashi da ake cewa ya tsiro a gwiwar hannu?

Gwiwar hannu mahaɗa ce ta ƙasusuwa uku, ƙashin damtse daga sama da ƙasusuwa biyu na sangalin hannu daga ƙasa. Tsoka da jijiyoyi da wata jaka mai laushi suna lulluɓe da mahaɗar, kuma laushinsu ne yake ba hannu damar lanƙwashewa da miƙewa da juyawa. Wani lokaci bayan rauni sai jiki ya shiga gina ƙashi a cikin wannan nama mai laushi, ƙashi na gaskiya mai ɓawo, wanda idan ya daɗe har ɓargo yake yi. A takardar asibiti za ka ga an taƙaita sunansa da haruffa biyu, HO. A nan za mu kira shi baƙon ƙashi, domin ya sauka a inda ba gidansa ba.

Illarsa ta dogara da wurin da ya zauna. Idan yana gaban gwiwa ko bayanta, sai ya tokare hannu kamar dutsen da aka sa a bayan ƙofa. Idan ya shiga tsakanin ƙasusuwan sangali biyu, sai ya hana tafin hannu juyawa sama da ƙasa. Idan kuma ya yi gada daga damtse zuwa sangali, gwiwar takan daina motsi ɗungurungum.

Me yake jawo shi?

Abin da ya fi yawa shi ne rauni mai tsanani a gwiwar kanta. A wurinmu galibi hatsarin babur ne, ɗan kabu-kabu ko fasinjansa ya faɗi ya dafa ƙasa da hannu a miƙe, sai faɗowa daga bishiya ko daga kan gini. Gocewar gwiwa kaɗai tana iya jawo shi, amma haɗarin ya fi girma idan gocewa ta haɗu da karaya, ko aka ɗauki kwanaki ba a mayar da ƙashin wurinsa ba, ko aka yi ta maimaita yunƙurin mayarwa da ƙarfi. Yakan kuma biyo bayan tiyatar da aka yi don gyara karayar, ko da aikin ya yi kyau.

Akwai rukuni na biyu da ke ba mutane mamaki, wato waɗanda gwiwarsu ba ta ji ciwo ba ko kaɗan: wanda ya yi ƙuna mai faɗi, da wanda ya bugu a kai ya daɗe a sume, da wanda ya ji rauni a laka. A masu ƙuna, gwiwar hannu ce gaɓar da baƙon ƙashi ya fi kamawa. Na ware musu amsa ta daban a ƙasa.

Yadda abin yake faruwa shi ne, idan nama ya yage jini ya taru kumburi ya biyo baya, jiki kan tura ƙwayoyin gyara zuwa wurin. Waɗannan ƙwayoyi suna iya zama tabo ko su zama ƙashi, gwargwadon saƙon da suka samu daga sinadaran da ke kewaye da su. A gwiwar da ta sha wuya sai su sami saƙon gina ƙashi, su fara da guringuntsi, cikin 'yan makonni ya yi tauri.

Ciwon daji ne? Ko abinci ne ya jawo shi, ko jifa?

Ba ciwon daji ba ne, ba ya yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki, kuma idan ya nuna, wato ya gama yin tauri, yakan daina girma da kansa. Shan nono ko cin ƙashi ko maganin ƙarin jini ba su da hannu a ciki, kuma babu abincin da za a ƙaurace wa ya narke. Wanda zuciyarsa ta karkata ga jifa ko sammu, ya nemi a nuna masa hoton ya gani da idonsa. Addu'a ba ta hana neman magani, kuma ba mu taɓa hana kowa ita ba. Abu ɗaya da ke buƙatar bincike na musamman shi ne kumburi mai tauri da ya fito ba tare da wani rauni ba, yana ta girma, yana ciwo da dare. Wannan ba a ɗaukar sa baƙon ƙashi sai an tabbatar.

Ta yaya zan gane cewa shi ne ya fara?

Alama mafi amfani ita ce hannun da ya fara samun sauƙi sannan ya koma baya. Makonni biyu zuwa huɗu bayan raunin, maimakon motsi ya ƙaru sai ya riƙa raguwa, gwiwar ta kumbura, ta yi ɗumi, tana ciwo. Daga baya ciwon yakan lafa, sai taurin ya zauna. Idan ka lanƙwasa hannun za ka ji ya tsaya cak a wuri ɗaya kamar ƙarfe ya daki ƙarfe, saɓanin ƙagewar da tabon nama ke kawowa, wadda takan ɗan ba da kai kamar roba idan aka matsa a hankali. A hoton ƙashi ba ya bayyana sai bayan makonni uku zuwa shida, da farko kamar hazo, don haka hoton da aka ɗauka a makon farko ba ya kore shi.

An kai ni wurin mai ɗori, ana yi mini tausa ana jan hannun. Wannan ba zai buɗe shi ba?

Wannan ce tambayar da na fi so a karanta da natsuwa. Masu ɗori suna kusa da jama'a, sana'ar gado ce, mutane sun yarda da su, kuma ban rubuta wannan don in ci mutuncin kowa ba. Amma gwiwar hannu gaɓa ce da ba ta jure ƙarfi. Tausa mai ƙarfi da ruwan zafi, da danne mutum a miƙe hannun dole, da sa shi ɗaukar bokitin yashi wai don hannun ya saki, duk suna sake yaga tsokar da ke gaban gwiwa. Kowane sabon yagewa sabon jini ne da sabon kumburi, kuma kamar yadda aka bayyana a amsar da ta shafi abin da ke jawo shi, wannan ne ainihin abincin baƙon ƙashi.

Ban manta wani dattijo da ya kawo ɗansa matashi daga ƙauye ba, hannun dama a ƙage kusan a miƙe. Ya ce, "Likita, kullum da safe mutum biyu ke riƙe shi a ja hannun har ya yi kuka, amma kullum ƙara sandarewa yake yi." Na ce masa, "Baba, ku kalli yadda zai ci abinci." Yaron ya ɗebi loma, ya sunkuyar da kai, ya ɗaga kafaɗa, ya karkata wuya, amma tsakanin yatsunsa da bakinsa akwai tazarar kamu guda da ba ta rufuwa. Watanni ke nan yana ci da hagu a ɓoye don kunya. Uban bai yi sakaci ba, iyakar abin da ya sani ya yi, kuma jan da ake yi da niyyar taimako shi ne ya ƙara wa ƙashin girma.

Ɗaurin kara ma yana da nasa haɗarin. Idan aka ɗaure tamau a kan hannun da ke kumbura, jini yana iya tsayawa, yatsu su yi sanyi su mutu. Idan kuma aka bar gwiwar babban mutum a ɗaure fiye da makonni uku bayan gocewa, ƙagewa takan biyo baya ko da baƙon ƙashi bai fito ba. Ga wanda ya riga ya je, shawarata ita ce a dakatar da ja da tausa daga yau, a ɗauki hoto, a bar mutum ya riƙa motsa hannunsa da kansa iyakar inda ciwo ya tsayar da shi.

Dole ne duk wanda aka gano yana da shi a yi masa tiyata?

A'a. Hannu ake yi wa aiki, ba hoto ba. Tun 1994 likitoci biyu, Hastings da Graham, suka kasa matsalar gida uku, kuma har yanzu ana amfani da rabon nasu: wanda ƙashin yana nan amma bai hana motsi ba, wanda ya rage motsi, da wanda ya kulle gwiwar gaba ɗaya. Na farko ba a taɓa shi. Na uku babu abin da zai buɗe shi sai wuƙar likita. Na tsakiya ne ake zama a tattauna.

Lafiyayyar gwiwa tana tafiya daga miƙewa sarai zuwa lanƙwasa ta kusan digiri 145. Wani bincike da Bernard Morrey da abokan aikinsa suka yi a asibitin Mayo da ke Amurka a 1981 ya nuna cewa yawancin ayyukan yau da kullum suna yiwuwa tsakanin digiri 30 da 130, tare da juya tafi digiri 50 sama da 50 ƙasa. Ma'ana, rashin iya miƙe hannu sarai ba shi da wata babbar illa, amma rashin iya lanƙwasawa yana da ita. Ka gwada kanka da abin da kake yi kullum: kai loma baki, wanke fuska da shafar kai a alwala, tara tafi don ɗibar ruwa daga buta, ɗaura ɗankwali, kai waya kunne, tsarki da hagu. Idan waɗannan sun gagara bayan an yi watanni ana motsa hannun yadda ya dace, ko kuma ƙashin ya danne jijiya, to maganar tiyata ta taso.

Me ya sa likita ya ce in jira, alhali ina shan wahala yanzu?

Saboda ƙashin da bai nuna ba yana da wuyar cirewa, ba a gane iyakarsa da nama, yana zubar da jini, kuma wurin yana cikin halin gina ƙashi. A da ana sa mutane su jira shekara ɗaya zuwa shekara ɗaya da rabi. Daga baya aka lura cewa dogon jira yana da nasa farashin, domin tsoka na ƙanƙancewa, guringuntsin gaɓar da ba ta motsi yana lalacewa, kuma ba a ga cewa cirewa da wuri tana ƙara yawan dawowarsa ba. Yanzu likitoci da yawa suna yin aikin a wajen wata shida bayan rauni, wasu ma kafin haka, muddin hoto ya nuna ƙashin ya yi ɓawo mai iyaka a fili, kumburi da ɗumi sun tafi, asalin karayar ta haɗe, fata kuma ta warke. Idan jijiya tana ƙara mutuwa, ba a jira. Duba amsar da ta shafi ƙaramin yatsa.

Waɗanne hotuna da gwaje-gwaje za a nema?

Hoton ƙashi na gaba da na gefe shi ne tushe, kuma a kan maimaita shi don a ga ko ƙashin ya daina canzawa. Kafin aiki yawanci ana neman hoton CT, wanda ke nuna ainihin inda ƙashin ya fara da inda ya ƙare, da kusancinsa da jijiyoyi, da kuma ko fuskar gaɓar tana da lafiya. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin sau da yawa a kan tarar cewa gwiwar tun farko ba ta koma wurinta ba, ko karayar ta haɗe a karkace, kuma wannan aiki ne daban da ya fi cire ƙashi girma. Sai gwajin jini da na sukari da awon hawan jini. Ka faɗa wa likita idan kana da sikila, ko gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, ko kana shan taba, ko wani jiƙo ko maganin kashe ciwo da kake sha kullum. Ba don a yi maka faɗa ake tambaya ba, mai ba da maganin barci yana buƙatar sani.

Yaya ake yin aikin?

Ana sa mutum barci, ko a kashe hannun gaba ɗaya da allura a wajen wuya ko hammata, ko a haɗa biyun. Ana ɗaure damtse da wata jakar iska da ke tsayar da jini na ɗan lokaci don likita ya ga abin da yake yi. Wurin yanka ya danganta da inda ƙashin yake: ta gefen ciki, ko ta gefen waje, ko dogon yanka ɗaya ta baya wanda ke ba da hanya zuwa ɓangarorin biyu.

Mafi yawan lokacin aikin ba a sarar ƙashi yake tafiya ba, a neman jijiyoyi da kare su yake tafiya. Sai an gano su an janye su gefe sannan a sa kurfi da guduma ta tiyata a riƙa ɓamɓare baƙon ƙashin gutsure-gutsure har a kai ga asalin ƙashi, ana kiyaye igiyoyin da ke riƙe da gaɓar ta gefe biyu don kada gwiwar ta koma tana gocewa. Jakar da ke lulluɓe da gaɓar, wadda ta yi kauri ta ƙanƙance, ita ma ana yanke ta. Idan akwai ƙarfen da aka sa a baya yana tokarewa, kuma karayar ta haɗe, a kan cire shi. Kafin a rufe, likita zai lanƙwasa hannun ya miƙe shi ya juya shi, ya auna iyakar abin da aka samu, a wanke wurin sosai don kada ɓurɓushin ƙashi ya rage, a tsayar da jini, sau da yawa a bar ɗan bututu da zai fitar da wanda ya taru. Aikin yakan ɗauki sa'o'i biyu zuwa uku, ya fi haka idan gwiwar a kulle take.

Ƙaramin yatsana yana mutuwa. Yana da alaƙa da gwiwar? Kuma mene ne haɗarin aikin?

Yana da alaƙa. Akwai jijiyar da ke bi ta bayan tudun ƙashin gwiwa na ɓangaren ciki, wadda idan mutum ya buge ta yake jin kamar lantarki ya ja shi har ƙaramin yatsa. Ita ke ba ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi ji, ita ke kuma motsa ƙananan tsokokin tafi. Baƙon ƙashi yana iya danne ta, wani lokaci ma ya kewaye ta kamar rami. Bayan haka, hannun da ya daɗe bai lanƙwashe ba, idan aka buɗe shi rana ɗaya, jijiyar tana miƙewa fiye da yadda ta saba. Shi ya sa likitoci kan saki jijiyar, ko su ɗauke ta su dawo da ita gaban gwiwa inda ba za ta ja ba.

Raunin wannan jijiya yana cikin matsalolin da aka fi gani bayan aikin, kodayake galibi na ɗan lokaci ne. Sauran su ne taruwar jini, shigar ƙwayoyin cuta, buɗewar ɗinki musamman a fatar da ta ƙone, karyewar ƙashi yayin aiki ko bayansa, sassaucin gaɓa, da dawowar ƙagewa. Ka nemi likitanka ya gaya maka wanne ne ya fi kusa da irin hannunka.

Idan aka cire, ba zai sake tsirowa ba?

Yana iya dawowa, amma a mafi yawan mutane ba ya dawowa yadda zai sake kulle hannu. Wani nazari da aka buga a 2013, wanda ya tattara rahotannin wannan aiki daga asibitoci daban-daban, ya sami dawowarsa a kimanin mutum ɗaya cikin goma.

Hanyoyi biyu ake bi don rage haɗarin. Ta farko maganin kumburi ne, galibi indometasin, miligiram 25 sau uku a rana ko 75 sau ɗaya, na makonni uku zuwa shida. Kada kowa ya je kemis ya saya wa kansa, domin yana iya fasa gyambon ciki ya kuma taɓa ƙoda, kuma haɗarin ƙoda ya fi yawa ga wanda jikinsa ba ruwa, abin da ba baƙo ba ne a garin nan tsakanin Maris da Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40. Haka kuma ba a haɗa shi da sauran magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da daikulofenak. Ta biyu ita ce haska wurin sau ɗaya da na'urar da ake gashin ciwon daji da ita, da ɗan ƙaramin awo, cikin sa'o'i 72 bayan aiki. Aika mutum wurin wannan na'ura ba ya nufin yana da daji. Ba a yin wannan a kan karayar da ba ta haɗe ba, domin wani gwaji da aka buga a Amurka a 2010 sai da aka dakatar da shi tun bai ƙare ba saboda karayar waɗanda aka haska ta riƙa ƙin haɗewa. Likitoci sun sha bamban a kan wa ya kamata a ba wanne, kuma wasu majinyatan motsi da wuri kaɗai ake dogara da shi a kansu.

Bayan aiki sai a ɗaure hannun ya huta?

Akasin haka ake yi, kuma a nan ne ake cin riba ko a yi asara. Motsi yana farawa kwana ɗaya ko biyu bayan aiki, tun ɗinki yana ɗanye, ana ba da maganin ciwo don a iya yi. Ana ɗaga hannu sama da ƙirji don kumburi ya sauka. Ma'aikacin gashin ƙashi zai koya wa majinyaci yadda zai lanƙwasa ya miƙe ya juya da kansa, yana taimaka wa hannun da ɗayan, sau da yawa a rana, ba sau ɗaya mai tsanani ba. Wasu ana ba su abin ɗauri da ke riƙe hannun a iyakar lanƙwasa ko iyakar miƙewa na ɗan lokaci, musamman da dare. Ana cire zare bayan kamar mako biyu.

Bambancin wannan da jan da na yi gargaɗi a kansa a amsar mai ɗori shi ne wanda ke riƙe da linzami. A nan majinyaci ne ke kai hannunsa inda ya ji ya ja, ya tsaya a wurin yana numfashi, ya saki. Babu mai danne shi, babu fizga. Makonni shida na farko su ne mafi muhimmanci, domin a cikinsu tabo ke neman sake ƙulluwa, kuma ana ci gaba da atisaye wata uku zuwa shida. Na sha ganin aiki ya yi kyau, hannu ya buɗe a ɗakin tiyata, mutum ya koma gida ya rataye shi a wuya don tsoron ciwo, ya dawo bayan wata biyu rabin abin da aka samu ya tafi. Wanda ya san ba zai iya wannan hidima yanzu ba, gara a ɗaga ranar aikin zuwa lokacin da zai iya.

Hannun zai koma kamar da?

Da wuya ya koma daidai da ɗan'uwansa, kuma gara a san haka tun farko. Burin shi ne a shiga tazarar amfani da aka ambata a amsar ko dole ne a yi tiyata. A nazarin 2013 ɗin nan, matsakaicin ƙarin motsin da aka samu ya kai kimanin digiri 70, wanda ga mai hannu a kulle shi ne bambancin ci da dama da ci da hagu. Yawanci a kan rasa kaɗan daga abin da aka samu a ɗakin tiyata, kuma ɗan ragowar rashin miƙewa yakan zauna. Mai aikin ofis ko shago yana iya komawa cikin 'yan makonni; noma da dako da tuƙa babur sai wajen wata uku, da izinin likita.

Ɗan'uwanmu ƙuna ya yi, wani kuma buguwa a kai. Su ma haka ne?

Aikin ɗaya ne, sharuɗɗan ne suka ƙaru. Mai ƙuna sai fatar da ke kewaye da gwiwa ta rufe sarai babu gyambo, kuma idan tabon ƙunar kansa yana jan hannun, dole a haɗa da likitan gyaran fata. A masu ƙuna ƙashin ya fi zama a baya ta ɓangaren ciki, daidai hanyar jijiyar ƙaramin yatsa. Mai buguwar kai kuwa, abin dubawa shi ne ko hankalinsa ya dawo yadda zai bi umarnin atisaye, da kuma ko tsokokin hannun suna ɗaurewa da kansu. Idan tsoka na nan a ɗaure, ƙagewa takan dawo, don haka a kan ba ƙwaƙwalwa lokaci ta farfaɗo. Ga masu jinyar irin waɗannan a gado, ku tambayi ma'aikata yadda za ku riƙa motsa gaɓoɓinsu a hankali kullum tun kafin matsalar ta fara.

Yarona ya karye a gwiwa, an cire siminti, hannun bai miƙe ba. Shi ma baƙon ƙashi ne?

Galibi ba shi ba ne. Karayar ƙasan damtse ta zama ruwan dare a yara 'yan shekara biyar zuwa bakwai, kuma taurin da ke biyo bayanta yakan saki da kansa cikin makonni ko watanni idan aka bar yaro ya yi wasansa. Abin da ke mayar da shi baƙon ƙashi sau da yawa shi ne hannun manya masu son gaggauta miƙewar. Idan motsi yana raguwa maimakon ƙaruwa, a koma asibiti. Akwai kuma wata cuta ta gado da ba kasafai ake ganinta ba, inda ake haihuwar yaro da babban yatsan ƙafa gajere a karkace, daga baya ƙashi ya riƙa fito masa a wuya da baya da kafaɗa. Irin wannan yaro tiyata tana ƙara masa ciwon, don haka a nuna wa likita ƙafafunsa kafin komai.

Yaya zan yi da alwala da azumi?

Ba a jiƙa ɗinki sai likita ya ba da izini. Malaman fiƙihu sun yi bayanin shafa a kan ɗauri ga mai rauni, don haka ka tambayi malaminka yadda ake yi. A sujada kada ka ɗora nauyinka a kan hannun a makonnin farko. Game da azumi, tunda wannan aiki ne da ake zaɓar masa rana, ya fi sauƙi a kauce wa Ramadan, saboda maganin da aka ambata a amsar dawowar ƙashi yana son abinci a ciki da ruwa isasshe.

Ina ake yin aikin, kuma wane shiri za mu yi?

Aikin likitan ƙashi ne, kuma ya fi kyau a hannun wanda ya saba da gwiwar hannu. A Sakkwato ana fara neman likitocin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙashi na Wamakko, a Kano kuma akwai Asibitin Ƙashi na Dala. Ba laifi ba ne ka tambayi likita ko ya saba yin irin wannan aiki, ko zai tura ka wurin wani. Ka zo da duk tsofaffin hotunanka, har na ranar da ka ji ciwon.

Wajen lissafin kuɗi, iyalai kan tanadi na hoto da gwaji da tiyata da gado, su manta da na zirga-zirgar zuwa gashi, wanda shi ne mai tsawo. Wanda zai riƙa zuwa daga Illela ko Tambuwal ko Isa, ya nemi masauki wurin dangi a cikin gari na makonnin farko, ya kuma zo da mutum ɗaya da zai koyi atisayen tare da shi don ya riƙa tuna masa a gida. Ga manomi, bayan kaka ya fi dacewa, da sharaɗin ya haƙura da tafiya cin rani a wannan shekarar. Mai inshorar lafiya ya bincika tun da wuri abin da ta ɗauke masa.

Bayan an sallame ni, me zai sa in koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ni ba?

Zazzaɓi, ko ruwa ko mugunya daga ɗinki, ko jan da ke yaɗuwa a fata. Kumburin da ya taso farat ɗaya ya yi tauri. Yatsu su yi sanyi ko su canza launi. Mutuwar yatsa da ke ƙaruwa, ko kasa ɗaga wuyan hannu ko buɗe yatsu. Ciwon ciki mai tsanani, ko baƙin bayan gida, ko raguwar fitsari ga mai shan indometasin, wanda ya kamata ya dakatar da maganin nan take. Haka nan idan ka lura cewa inda hannunka yake kaiwa a makon jiya ya gagare shi a wannan makon, ka je a duba, domin a wannan matakin ana iya sauya tsarin atisaye ko abin ɗauri a ceto motsin.